Gyaran da Baba Bai Yi Ba

"Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Wasa ne."

Sau uku na karanta wannan amsar a kwamfutata, ina zaune kan kujerar roba a ƙuryar shagon Baba, agogo wajen arba'in suna ƙas-ƙas a bango, kowanne da nasa lokacin. Wasan da ake nufi yana sama kaɗan. Babban mai dubawa ne ya rubuta shi a ƙarƙashin gyaran da na kwashe sati biyar ina yi: "An gode, amma lissafin kwanan wata ba girki ba ne. A bar wa masu gemu."

Manhajar tamu ta kyauta ce, ƙananan shagunan magani ke amfani da ita don gane maganin da ya kusa lalacewa. Kowa na iya buɗe cikinta ya yi gyara ya aika, masu dubawa su karɓa ko su ƙi. Ba a biyan kowa. Ladanmu ɗaya ne: duk gyaran da aka karɓa yana shiga tarihin aikin da sunan mai shi, kuma tarihin nan ba a goge shi. Shekara uku ina aika ƙananan gyare-gyare, sai na gano babbar matsala. Manhajar tana musanya rana da wata a wasu kwalaye, ta ce maganin da ya mutu yana da sauran rai. Na toshe ɓarakar, kuma ina so sunana ya zauna a kanta.

Ni ba mai saurin fushi ba ce, kowa a gidanmu shaida ne. Na rubuta a zauren tattaunawar manhajar a intanet cikin ladabi cewa a duba aikin, a bar zancen gemu. Wayyo, kamar na taɓa gidan rina! Wani ya ce yanzu ko tari mutum ya yi sai a ce ya raina mata. Wani ya ce su aiki kawai suke gani, ba su san mace ko namiji ba. Wanda ya fi ci mini rai saƙon wata mace ne da ta aiko mini a ɓoye: "Ki yi shiru, ƙanwata. Da shiru na daɗe a nan."

* * *

"Auta, wa ya taɓa ki?" Baba ya tambaya, gilashin gyara maƙale a idonsa ɗaya. "Tun ɗazu kike huci kamar tukunya."

Na kwashe labari na gaya masa. Baba bai san kwamfuta ba, wayarsa ma ni nake duba masa saƙo, amma shekara arba'in yana gyaran agogo, ya san aiki.

"Gyaran naki daidai ne?"

"Daidai ne, Baba. Na gwada shi a kwanan wata dubu."

"To ko dai ke ce kika ɗauki abin da zafi?"

Tambayar ta soke ni, don ni ma na yi wa kaina ita. Na dubi farin gemunsa, na ji dabara ta faɗo mini.

"Baba, ara mini gemunka."

Ya yi dariya har gilashin ya faɗo a cinyarsa. "Ɗauki. Ki dai dawo mini da shi yadda kika karɓa."

Na ɗauke shi hoto a gaban agogunansa, na buɗe sabon asusu da laƙabin Mai Agogo, na liƙa hoton a kai. Na aika gyaran nan dai, ko ɗigo ban canza ba. Na yi zaton za su gane shi nan take, tunda sati ɗaya kacal da suka ƙi shi. Ashe wanda bai karanta abu ba, ba shi da abin tunawa.

Kafin Baba ya gama haɗa agogon wani direba, amsa ta iso daga babban mai dubawa da kansa: "Aikin gwani! Dattijo, ina ka ɓuya tuntuni? An karɓa." Har ya ƙara da tayin kujera cikin masu dubawa, kujerar da na shekara uku ko ƙamshinta ban ji ba.

* * *

Washegari da safe na jera gyaran biyu gefe da gefe a zauren, nawa da na Mai Agogo, da amsar kowanne a ƙasansa. Layi ɗaya na rubuta: "Wannan mahaifina ne, bai taɓa kunna kwamfuta ba." Har yau ban yi nadama ba.

Mutum biyu suka ba ni haƙuri. Matar nan mai shiru ta aiko mini hoton tafi, shi ma a ɓoye. Sauran suka taso da sabon laifi: na yaudari jama'a, na kafa tarko, irina ne ke raba kan masu aiki. Kafin azahar babban mai dubawa ya rufe asusuna na gaskiya saboda cin amana. Gyaran kuwa ba su cire shi ba, ai manhajar ba za ta tafi daidai ba in babu shi.

Na juya wa Baba kwamfutar. Ya mayar da gilashin idonsa, ya sunkuya yana kallon ƙaramin hotonsa a jerin waɗanda suka gina manhajar.

"Me suka ce na yi?"

"Sun ce ka hana a sayar wa mutane mataccen magani."

"Auta, gaya musu su cire ni su sa ki. Ban taɓa karɓar agogon da wani ya gyara na ce nawa ne ba."

"Ba a goge tarihin, Baba."

"Ko an yi kuskure?"

"Ko an yi kuskure."

Ya shafa gemunsa a hankali. Sannan ya jawo agogon direban, ya kara a kunne, ya saita shi da na bangon da ya fi yarda da shi. A kwamfutar hotonsa yana nan yana murmushi.