Yatsun Maigidana

Tun da bam ya tashi a tashar mota ya tafi da ƙanena, Autanmu, Baba ba shi da wata hira sai ta hukunci. Da ya zo zai ja kujerar roba a bakin shagon maigidana, ya jingine sandarsa, ya fara.

"A kama su a rataye. Amma kafin igiya, a zare musu farce ɗaya bayan ɗaya har su faɗi wanda ya aiko su."

Maigidana tela ne, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Yana taka keke yana amsawa a hankali. "Rataya dai, Baba, wannan tsakanin alƙali ne da Allahnsa. Amma zancen farce, ai wanda aka matse ko cewa aka yi shi ya haifi uwarsa zai amsa."

"Kai ba ɗanka aka kwaso a leda ba."

Nan maganar take mutuwa kullum. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, bayan Baba nake, don ni na goyi Auta. Har nakan leƙo daga tsakar gida in ce a haɗa da haƙora.

Sai ga motar jami'an tsaro wata safiya, ba lamba, ta tsaya a ƙofar shago. Ashe rigar da maharin ya sa, irin mai aljihu da yawa ɗin nan da masu babur ke so, ɗinkin maigidana ce. Shi da son a san aikinsa, kowace riga sai ya liƙa mata ɗan ƙyalle mai lambar wayarsa a wuya. Komai ya ƙone, ƙyallen nan ya ƙi ƙonewa. Suka tafi da shi tef ɗin awo na rataye a wuyansa.

Na je ofishinsu har ƙafata ta gaji, iyakata bakin ƙofa. Abinci ya gagare ni. Kuma ba igiya nake tsoro ba, na san ba a kai nan ba. Yatsunsa nake gani, yatsun da ke ciyar da mu.

Baba ya ci gaba da zuwa yana zama gaban shago a kulle. Ranar da abin ya ishe ni na fito na tsaya a kansa.

"To, Baba, ga wanda za a zare wa farcen an samu. Sai ka je ka riƙe musu shi."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya ce, "Ai shi bai yi komai ba."

"Su sun sani? Ai sai sun zare za su sani, ko ba haka ka ce ba?"

Sai ya kifa goshi a kan sandarsa, ni kuma na koma ciki na sha kuka.

Abin da ya cece mu, dillalin da ke sarar rigunan ya je da kansa ya shaida cewa shi yake kwashewa ya sayar wa duk wanda ya zo, aka duba kyamarar shagonsa aka ga wanda ya saya. Wata rana da la'asar ina shanya sai na ji tsayuwar tasi. Na fito da zani a hannu, ga maigidana, ya rame, gemu ya cika masa fuska, hannuwansa duka biyu cikin aljihu. Wayyo, aljihun nan ya tsinka min zuciya!

Baba ne ya miƙe. Bai yi masa barka ba. Ya kama maɓallin wuyan tasa rigar ya fizge, ji kake ɓas, ya miƙa masa. "Ɗinke min."

Na buɗe shago, na ɗauko zare da allura. Maigidana ya zaro hannuwa. Duk suna nan, farce ya yi zaƙo-zaƙo, baƙi ƙirin da dauɗa. Ban taɓa murnar ganin ƙazanta ba sai ranar. Ya lashi bakin zare, ya zura sau ɗaya ya shige. Na zube bakin ƙofa ina ta alhamdulillahi, ina dariya, majina na zuba.

"Ba su taɓa ka ba?" in ji Baba.

"Tambaya kawai, safe da yamma." Ya sunkuya yana ɗinki a wuyan Baba. "Amma duk sanda na ji an taɓa ƙofa sai in ce yau ne. Har na shirya sunayen da zan ba su in an kama min yatsa."

"Sunayen wa? Kai da ba ka san kowa ba?"

"Shi ya sa, Baba. Sai waɗanda na sani." Ya ciji zaren ya tsinke. "Wa ya fi ka zama a shagon nan? Naka ne na farko."

Baba ya shafa maɓallin ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce da ni in sa wa mijina ruwan wanka, in kawo reza, shi zai yanke masa farcen.