Tara a Maimakon Bakwai

Ranar da Malama Shafa'atu ta rubuta ɗan shirin kwamfutar da ke fitar da sakamakon 'yan aji uku, ta ɗan yi jim a layin raba jimlar maki. Za ta iya sa kwamfutar ta ƙirga darussan kowace ɗaliba da kanta. Amma cajin kwamfutar ya kusa ƙarewa, kuma tun da aka kafa makarantar nan darasi tara kowa ke yi. Sai ta buga 9 da hannunta, ta wuce.

A tsakiyar zango aka kawo Ummu Salma, bayan iyayenta sun taso daga Ruwan Godiya zuwa Ƙanƙara. Darasi bakwai ta rubuta, don can ba su da malaman sauran biyun. Shugaban makaranta, Malam Yahuza, ya ce a auna ta da bakwai ɗin. Shafa'atu ta ce to, ta shigar da makinta. Layin nan kuwa ko kaɗan bai faɗo mata a rai ba.

Ran Laraba aka tura Katsina sunayen goman farko, masu rubuta jarrabawar shiga makarantar kimiyya. Ran Litinin sai ga Ummu Salma bakin ofis tana murɗa gefen hijabi.

"Malama, wallahi ba gardama nike ba. Na yi lissafi sau ukku, tamanin da ɗaya nike samu. Takarda kuma ta ce sittin da ukku."

Shafa'atu ta buɗe kwamfuta. Ga taran nan zaune inda ta bar ta. Gyaran bai ci minti ɗaya ba, sunan yarinyar ya haura zuwa na biyu.

Da sauri ta nufi wajen shugaba. "Malam, laifina ne. Ka taimaka ka kira mutanen Katsina a sa sunan Ummu Salma."

Ya kira, ya daɗe yana "ranka ya daɗe", sannan ya aje wayar.

"Tun Juma'a suka rufe. Wai sai baɗi."

"Baɗi ai ta bar aji uku, Malam."

"To ya zan yi, Shafa'atu? Ni ma sa hannu na yi ban duba ba."

Da ta dawo, ta tarar da yarinyar ta leƙa allon kwamfutar, fuskarta duk murmushi.

"Malama, ashe daidai na yi?"

"Daidai kika yi."

"To yaushe za mu tafi Katsinar? In gaya ma Baba ya nemo mota."

Shafa'atu ta ja kujera ta zauna, ta jawo wa yarinyar wata kusa da ita.