Muƙamuƙin Injin Fasa Dutse

"Ku aje shi a inuwa, kar ya kusanci wuta," in ji Baffa Ashafa daga kan tabarma, sai tari ya ƙwace sauran maganar.

Masu injin fasa dutse na bayan gari ne suka kawo muƙamuƙin injin, wato farantin ƙarfen da ke tauna duwatsu. Ya cinye, suna so a cike shi da walda. Ni tela ne, shagona na jikin shagon waldar Baffa tun da aka mai da Dutse babban birnin jiha, don haka komai a kunnena ake yi. A lokacin ƙurar dutse ta gama da ƙirjinsa, hannunsa ba ya riƙe komai. Aikin sai ɗansa Muntaka, wanda a shekarun baya ya gasa irin wannan ƙarfe kamar yadda maƙera ke gasa fartanya, aka ɗaura, ya tsage ranar farko. Tun daga nan uban bai sake ba shi ba, magana ma tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa. Masu injin sun ce in wannan ya tsage, Kano za su koma kai aiki, kuma da su gidan yake ci.

Bayanin ƙarfen na sha ji a bakin Baffa har na haddace. Wai wani sinadari da ake kira mangani ne ya yi masa yawa, shi ya sa dukan dutse ke ƙara masa tauri. Na yanzu kuma an daɗa masa wani sinadarin, kurom, don ya jima bai cinye ba, sai dai ba ya haƙuri da zafi ko kaɗan. Na ce ashe halin mai shagon aka kwaikwaya. Ya yi dariya har sai da na yi nadama, don ta tayar masa da tari.

"Gajeren layin walda, sai ruwa," Baffa ya ce wa Muntaka. "Ka ɗora tafin hannu. In ba ka iya barinsa a kai, kar ka ci gaba."

Haka suka wuni. Baffa ya rufe ido yana bin aikin da kunne, ƙarar walda, sannan ƙarar ruwa a kan ƙarfe. Da Muntaka ya ɗan zarce, sai uban ya bugi tabarma, shi kuwa gardi mai 'ya'ya ya tsaya cak. Ni dai na kasa ɗinki ranar.

Bayan la'asar aka jawo farantin kusa da Baffa. Ya daɗe yana shafa waldar da yatsu.

"Na hana ka da yawa, Muntaka," ya ce. "Tsoro ne ya sa ni, ba ƙi ba."

Muntaka ya durƙusa, ya ce babu komai Baba. Tausayinsu ya kama ni, na koma shago na zauna.

Ran Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa, tun ba a ɗaura farantin ba. Ran sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, sai ga rugugin injin daga bayan gari, ashe an ɗaura farantin. Muntaka na tsakiyar amsa gaisuwa, ya tsaya ya kasa kunne, hannunsa na cikin na mai ta'aziyya. Mutumin bai janye ba, mu ma duk muka kasa kunne. Har aka kira azahar injin na ta tauna dutse.