Ɗan Kasuwa Na Bakwai

Dakta Abdulgafar ɓarawo ne, kuma kowa a sashen nazarin kasuwanci ya sani. Bai fasa ofishin kowa ba. Aikin shekara biyu na ƙaramin malami ya ɗauke, ya goge sunan mai shi, ya sa nasa, ya tura mujalla, sannan ya jera shi cikin takardun neman zama farfesa.

Mai aikin shi ne Malam Fannami. Ranar da kwamitin bincike zai zauna, ya sauka daga acaɓa tun kafin takwas. Ya yi sallama a ɗakin malamai, mutum biyu suka amsa ciki-ciki, ba wanda ya ɗago kai. Wata huɗu ke nan ana haka, tun da ya kai ƙara. An daina gaya masa suna ko ɗaurin aure. Bobbo, abokin zamansa a ofis, ya kwashe littattafansa ya koma wani ɗaki, wai fankar can ta fi iska. Suwaibatu, sakatariyar sashen, ta taɓa gaya masa a asirce cewa ba gaskiyarsa aka ƙi ba, sai dai Dakta ne shugaba, shi ke sa hannu a takardar ƙarin girman kowa. Shi kuwa Fannami ko tabbatar da shi a aiki ba a yi ba. In ya faɗi yau, sai ya tattara.

Binciken a kan 'yan kasuwar Borno ne da rikici ya koro Gombe, da yadda suka sake kafa sana'a daga babu. Fannami ya bi su rumfa rumfa a Nasarawo da Kumbiya-Kumbiya, mutum talatin. Bisa ƙa'idar irin wannan aiki bai saka sunan kowa ba, lamba ya ba su. Da ya gama ya kai wa Dakta don gyara, har da littattafan da ya rubuta hirarrakin. Ba su dawo ba.

A gaban kwamiti Dakta ya baje littattafan nan a kan tebur. Ya ce shi ya yi hirarrakin da bakinsa, Fannami rubutu kawai yake yi masa, kuma yaran yanzu ba su san godiya ba.

Shugabar kwamitin, Farfesa Halima Sadiya, ta tambayi Dakta game da ɗan kasuwa na bakwai, mai sayar da hula, wanda da maganarsa aka buɗe maƙalar.

"Bara bayan ƙaramar salla na zauna da shi a rumfarsa, ranki ya daɗe," in ji Dakta. "Dattijo ne mai raha. Har shayi ya ba ni."

Ta juya ga Fannami. Ya ce:

"Ranki ya daɗe, na bakwai mahaifina ne, Babakura. Shekara biyu da rabi ke nan da muka binne shi. Dakta ne ya sa hannu a takardar hutun da na ɗauka. Bai zo gaisuwa ba."

Farfesa ta buɗe littafin. A gefen hira ta bakwai, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta Baba. Ta aika a kawo fayil ɗin hutu.

Da azahar Fannami ya yi salla a ƙarshen sahu, ya koma ofis ya ci shinkafa da wakensa shi kaɗai. Ba wanda ya leƙo. Teburin Bobbo na nan fayau.

Bayan mako uku takarda ta fito. Mujalla ta janye maƙalar. An sauke Dakta Abdulgafar daga shugabancin sashe, an rage masa matsayi, an hana shi neman zama farfesa har shekara biyar.