Gagarau da Mai Turare

Usumanu ɗan dako ne a kasuwar hatsi ta Tamale, kuma ko a cikin 'yan dako da baki ake nuna shi. Buhun masara biyu yake ɗorawa a kafaɗa, ya sauko daga mota yana hira. Amma ba dako ne ya fito da sunansa ba. Wata rana da hantsi tukunyar gas ta fashe a wani gida a unguwar Moshi Zongo, ya faɗa cikin wutar har sau uku, ya fito da tsohuwa ɗaya da 'yan mata biyu, bayansa duk ya saluɓe.

Ƙanwarsa Mashudatu tana aiki a wani shagon buga takardu, tana tsara fastocin biki da na rasuwa, ga ta da hannun zane tun tana ƙarama. Yana kwance yana jinya ta zana labarinsa shafi-shafi, ta raɗa wa jarumin suna Gagarau. Da fari abin da ya faru kawai ta zana. Da mutane suka shiga tura wa juna a waya suna neman ƙari, sai ta fara sa gishiri: Gagarau ya tare ɓarayin babur da ƙirji, adda ta karye a wuyansa. Aka buga ƙananan littattafai ana sayarwa a bakin makarantu. Fuskar kuwa ta Usumanu ce sak, har da tsagar kumatunsa na hagu.

Abin ya yi masa daɗi. In ka kira shi Usumanu sai ka maimaita kafin ya waiwayo, in ka ce Gagarau tun daga nesa yake ɗaga hannu.

Ana haka, wata rana a tashar mota wani matashi da ƙwaya ta gaya wa ƙarya ya ce bari ya gwada ko zanen gaskiya ne, ya tsaga masa dantse da reza. Jini ya yi tsartuwa, Usumanu ya kurma ihu kamar kowane ɗan Adam, wani kuma ya ɗauka a waya. Kafin la'asar garin duk ya ga Gagarau yana tsalle yana kiran uwarsa. Ciwon ya warke cikin mako biyu, dariyar ce ta ƙi warkewa.

A bencin mai koko wani mutum ya same shi, da sassafe. Dogo ne, da farar riga ƙal, yana ƙamshin turare mai nauyi, amma a ƙarƙashin turaren akwai wani abu kamar ɓeran da ya mutu a bayan akwati. Ƙudaje suna kewaya shi, ba sa sauka. Ya ce ya ga abin da aka yi wa Usumanu, bai dace ba, kuma zai iya sa naman jikinsa ya zama yadda aka zana shi. Ba ya son komai a hannunsa. Sharaɗi biyu ne kawai: duk Alhamis ya ci abin da zai kawo masa, kuma ya bar alwala, don ƙarfe da ruwa ba sa shiri. Usumanu ya tambayi sunansa, ya ce sunayen da mutane suka ba shi suna da yawa, babu mai daɗi a ciki. Usumanu dai a ransa Mai Turare yake kiransa.

Ya san wannan ba maganin tauri ba ne irin na mafarauta. Ya sani sarai. Ranar Alhamis da tsakar rana sai ga shi a bolar bayan kwata, inda ungulaye ke taro. Mai Turare ya miƙo masa kwano a rufe. Naman akuya ne wadda ta mutu da kanta, ya kumbura ya yi kore-kore, yana yauƙi. Lomar farko ta dawo, ta biyu ma haka, ta uku ya toshe hanci ya haɗiye. Da ya koma gida ya ɗauki wuƙar matarsa Abibatu ya goga a cinya, bakin wuƙar ya lanƙwashe.

Daga nan sai wasa ya buɗe. Gidan biki, filin ƙwallo, ko'ina ana gayyatarsa, ƙarti su yi layi suna saransa da adda har su gaji. Waɗanda suka yi dariya jiya su ne masu neman hoto da shi yau. Sai dai masu hoton sun fara riƙe numfashi. Wari ne ke fita daga fatarsa, ba na gumi ba, na abin da ya kamata a ce an binne. Abibatu ta wanke kayansa da sabulun alata sau uku a rana ɗaya, ta turara ɗakin, ta shanya katifa, duk a banza. A wata na uku ta haɗa kayanta ta tafi gidan iyayenta a Tishigu. A bakin ƙofa ta ce masa ita ba ta ƙi shi ba, cikinta ne ya kasa.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne ya daina toshe hanci. Shinkafa da wake sun zama masa kamar dussar katako, tsire mai zafi ma haka. Tun daga Litinin yake tunanin kwanon. Yakan gama ci ya lashe yatsu, sannan ya dubi yatsun ya ji kamar ya sare su, ga shi ba wuƙar da za ta kama.

Cikin tsananin zafin Maris maƙwabcinsu Baba Kadiri, tsohon tela mai zaman kaɗaici, ya rasu a ɗaki, ba a gane ba sai bayan kwana biyu. Aka yi masa sutura a gurguje, masu ɗaukar makara kowa ya ɗaure hanci da hankici. Usumanu ya sa kafaɗa a gaba. Ba su yi nisa ba iska ta juyo, ya ji bakinsa ya cika da yawu, cikinsa ya yi ƙugi irin na mai azumi da ya ji ƙamshin ƙosai. Mamacin nan shi ya ɗinka masa rigar aure.

A ƙofar maƙabarta ya hango Mai Turare cikin jama'a, hannu a ƙirji kamar mai jimami. Ya matso ya raɗa masa a kunne:

"Ka ji ko? Akuya ai ta 'yan koyo ce."

Usumanu ya sakar wa na kusa da shi kafaɗar makara, ya ruga bayan wata bishiya yana kakari, babu abin da ya fito sai yawun. Daga can bai zame ko'ina ba sai shagon Mashudatu, ya kira ta waje ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta ja da baya taku biyu. Ta ce laifinta ne, ita ta zana addar nan, za ta ƙone duk abin da ta zana. Ya ce zane bai buɗe masa baki ba, shi ya buɗe da kansa. Ta tare yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, mai keken ya ce sai dai ya zauna a can gefe ya fitar da kai waje, suka nufi Kasalgu gidan kawunsu Afa Sualihu, limamin wani ƙaramin masallaci.

Kawun ya saurara da gefen rawani a hanci, bai ko ɓoye ba. Ya ce shi ba shi da laya ko rubutun da zai ba shi. Ƙofar da mutum ya buɗe da hannunsa, da hannunsa zai rufe. Ya sa aka share ɗakin ajiyar gyaɗa, aka shimfiɗa tabarma, ya ajiye buta cike da ruwa ya fita.

Ruwan alwala ya ƙone shi kamar tafasasshen mai. Ranar farko hannu kawai ya iya wankewa. Alhamis ta zo ta wuce bai ci ba, washegari jikinsa ya fara buɗewa. Duk inda aka taɓa saransa ana tafi, a nan fatar ta tsage, ƙirji da baya da wuya, tana fitar da mugunya mai launin ƙasa. Mashudatu ke wanke masa, da ɗankwali ɗaure a fuska, tana yi tana fita tofar da yawu. Kajin gidan ma sun daina bi ta wajen.

Alhamis ta biyu, Afa yana masallaci sallar azahar, Mashudatu ta tafi sayo bandeji, turaren ya shigo ta taga.

"Dubi yadda suka mai da kai," in ji Mai Turare a tausashe, yana ɗora kwanon a bakin tagar. "Loma ɗaya, duk ramukan nan su rufe kafin la'asar."

Usumanu ya yi niyyar ya juya baya, sai ya tarar gwiwoyinsa sun riga sun fara rarrafe. Ya kama ƙarfen tagar ya miƙe, ya ɗaga murfin. Bai tsaya duba naman ba, amma ya ga farcen mutum. Duk da haka yawu ya zubo masa har haɓa. Yana so. Bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda yake son abin cikin kwanon nan ba.

Ya ɗaga ido ne don ya roƙi a bar shi, sai ya ga fuskar mutumin dab da tasa. Ba kwanon yake kallo ba. Idonsa a lumshe, hancinsa yana buɗewa yana rufewa a kan miyakun ƙirjin Usumanu, wani harshe mai launin toka yana lasar leɓe a hankali. Shi ma jira yake abincinsa ya nuna.

Ƙyamar da ta taso wa Usumanu ta fi yunwar ƙarfi. Ya ture kwanon ya kife a waje, ya zube ƙasa ya ja jiki zuwa buta. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya watsa a fuska yana gurnani kamar sa a hannun mahauta, bai tsaya ba sai da ya kai ƙafafu.

"Ba gaggawa nake ba," in ji muryar daga waje. "Kowane mako da Alhamis ɗinsa."

Da Afa ya dawo ya same shi a sume, goshi a ƙasa, ya fuskanci gabas a karkace. A bayan tagar ciyawa ta ƙone baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu biyu.

Wata biyu ya yi a asibiti. Miyakun suka rufe, amma jijiyar hannun hagu ta tafi, dako ya ƙare. Wani ɗan'uwan Afa ya ba shi aikin auna masara a injin niƙa. Yunwar ba ta bar shi gaba ɗaya ba. Wasu makonnin takan taso, ya je ya zauna a masallacin kawunsa har ta lafa.

Abibatu ta dawo bayan damina, da sharaɗin a ƙone katifar da duk tufafinsa. Aka tara su a bayan gida aka zuba kananzir. Hayaƙin ya sa maƙwabta rufe tagogi, wata tsohuwa ta leƙo tana faɗa. Usumanu ya zauna a kan turmi cikin rigar aro da ta matse shi, Abibatu ta ajiye masa tuwon zafi da miyar ayoyo, babu nama, ta ɗauki nata kwanon ta koma can bakin zaure. Ya ci loma biyar, a hankali, sannan ya ce mata gishiri ya ɗan yi kaɗan.