Motar da Ta Kai Bato Gida

Daudu mutumin Roni ne, direban a-kori-kura tun yana da ƙuruciya. Motarsa tsohuwa ce, gajeriya, mai gida ɗaya, wato kujerar gaba kaɗai, da dogon baya. Babu kasuwar da ba ta taka ba daga Gwiwa zuwa 'Yankwashi har Ɓaɓura. Ta ɗauki gero da riɗi, ta ɗauki awaki da kwanon rufi, ta kai gadajen amare ƙauyukan da ko sunansu ba a ji a Kazaure.

Abin da ya riƙe motar nan, bayan ikon Allah, hannun Bartholomew ne, mai walda a bakin titin Daura cikin Kazaure. Mutanen gari sun gajarta masa suna, kowa Bato yake ce masa. Ya zo yana saurayi daga wani ƙauye can bayan Saminaka, ya auri Angelina, suka haifi ɗansu Emma a nan. Dogon mutum ne ƙwarai, sai ya sunkuya yake shiga shagonsa. Ba a yin mako ba wani abu ya tsage a jikin motar Daudu ba. Sai ya kai ta, ya zauna a benci yana ɓare gyaɗa, Bato yana ƙarƙashinta yana mita, su biyun suna musu a kan komai, daga farashin taki har wanda ya fi wani tsufa. Idan an kira sallah, Bato ne yake kashe inji ya miƙo masa buta.

Haka suke har Musaddiƙ, ɗan Daudu na uku, ya samu buɗi a kasuwar wayoyi a Kano. Wata rana ya ɗauki mahaifinsa ya kai shi wurin dillalan motoci. Aka nuna musu guda biyu gefe da gefe. Ɗaya mai gida ɗaya ce, ba ta da tsawo sosai, bayanta kuwa dogo ne kamar na tasa. Ɗayar mai gida biyu ce, baƙa, ƙatuwa, goshinta ya kai ƙirjin mutum. Dillali ya yi ta zuba bayani: ƙarfin injinta, yadda tayoyinta huɗu duk suke ja, na'urar sanyi, kujerun fata.

Daudu ya zagaya baya ya auna da hannunsa.

"Wannan ai bayanta bai kai na tawa ba," ya ce. "Ga ta ƙatuwa a ido, wurin kaya kuma ɗan kaɗan."

"Baba, ka gaji da dakon buhu," in ji Musaddiƙ. "Wannan mutane za ta ɗauka, manyan mutane. Hau ka ji."

Ya hau. Daga kan kujerar yana hango saman sauran motoci, sanyi yana busa masa fuska. Bai ƙara maganar buhu ba.

Da Musaddiƙ ya biya kuɗinta, Bato ne mutum na farko da Daudu ya kai wa ita ya gani. Bato ya goge hannu da tsumma, ya zagaya ta a hankali, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can.

"Gaba duk falo, baya kuma ɗan tsakar gida," ya ce yana dariya. "Kyakkyawa ce, Direba, Allah Ya tsare. Amma babu abin da zan taɓa a jikinta. Ka sallame ni ke nan."

"Wa zai sallame ka? Benci na nan, ina nan."

Tsohuwar aka sayar wa wani manomi, Yakubu, a Kanya Babba can wajen Ɓaɓura. Sabuwar kuwa ta zo da halinta. Ta yi wa burtali faɗi, ba ta shiga tsakanin gonaki sai ta taka shuka. Matan ruga da suka saba ɗora ƙoransu na nono da kansu, yanzu bakin motar ya fi ƙarfin hannunsu. Musaddiƙ kuma ya roƙi kada a saka mata dabba. A hankali mutanen kasuwa suka koma wa wasu direbobi, shi kuma ya samu aiki da masu haƙa rijiyar burtsatse, yana kai injiniyoyinsu ƙauyuka. Aiki mai tsafta, babu ɗaga kaya, babu warin akuya.

Yakan bi ta gaban shagon Bato gilashi a rufe, ya danna oda, Bato ya ɗaga hannu. Daga baya ya fara ganin shagon a kulle jefi-jefi. Yakan ce a ransa gobe zai tsaya ya ji ko lafiya, amma kullum akwai injiniya a bayansa yana duba agogo.

Damina ta yi nisa, wata safiya yana wanke mota a ƙofar gidansa a Roni, sai ga Emma a kan babur. Ya sauka ya durƙusa ya gaishe shi, idanunsa jajur.

"Baba, abokinka ya rasu jiya a asibiti."

Daudu ya tsaya da soso a hannu, kumfa tana ɗiga masa a ƙafa.

"Rashin lafiya ya yi?"

"Tun kafin azumi. Ƙoda ce."

"Kuma ba wanda ya faɗa mini?"

"Shi ya hana. Ya ce kana da aiki da manya, kada a dame ka."

A gidan, Angelina tana zaune a ƙasa, matan cocinsu sun kewaye ta. Daudu ya cire takalmi ya tsuguna daga nesa ya yi mata gaisuwa. Ta ɗago kai ta dube shi.

"Malam Daudu, 'yan'uwansa suna so a kai shi gida. Shi ma haka ya so. Ya ce in ta faru, kai za ka kai shi, don ya san tuƙinka."

"Zan kai shi, Maman Emma."

Kafinta ya kawo akwatin gawa, ya yi shi daidai tsawon mai shi. Kafin a je asibiti ɗauko gawar, aka ce a gwada shi a mota tukuna. Mazan coci suka ɗaga shi har ƙirji suka tura. Kan ya daki bangon gidan gaba, ƙafar kuwa tana waje, kusan kamu guda. Aka fito da shi aka gwada ta kusurwa, tudun tayoyin da ke cikin bodin ya tare. Wani ya ce a jingina kan a bisa rufin mota a ɗaure.

"Ba za a kai shi a tsaye ba," in ji Angelina daga bakin ƙofa.

Daudu ya ji kunya ta rufe shi kamar shi ya ƙera motar. Ya ce a sauke akwatin, a ba shi zuwa yamma.

Ya kama hanyar Ɓaɓura shi kaɗai. Tsohuwar motarsa za ta haɗiye akwatin nan a rufe murfin baya, wannan ya sani, domin ta sha ɗaukar abin da ya fi shi tsawo. Tsufa kawai ta yi, in aka bi ta a hankali za ta je. Zai roƙi Yakubu aronta, in ya so ya bar masa sabuwar har ya dawo.

Ya same ta a Kanya Babba, a gindin tsamiya bayan gidan Yakubu. Babu taya ko ɗaya, an ɗora ta a kan duwatsu. An cire inji, ciyawa ta fito ta ramin. Bayanta cike da ragowar harawa, kaji sun yi makwanci a kan kujera. Ya sa hannu ya shafa gefen bodin, duk ɗinkin walda ne, layi a kan layi.

Yakubu ya fito yana gyara hula, suka gaisa.

"Wallahi ba a son raina ba, Malam. Ƙashin bayanta ne ya tsage. Na je wurin mutuminka a Kazaure har sau nawa, shago a kulle. Wasu suka gwada, ta sake buɗewa. Sai na sayar da injin ga masu niƙa."

Daudu bai gaya masa abin da ya kawo shi ba. Ya ce wucewa yake ya tsaya su gaisa.

Washegari da sassafe aka ɗauko Bato. Aka bar murfin bayan sabuwar motar a kwance, akwatin ya hau kansa har ya ɗan zarce. Daudu da kansa ya yi ɗaurin, ya bi da igiya ta kowace kafa, ya lulluɓa tamfol, ya sake bi da wata igiyar. Fasto ya yi addu'a, shi yana gefe kansa a ƙasa. Mutanen coci za su biyo baya a motar haya. Angelina da Emma suka shiga kujerar baya, sai da aka kama ta kafin ta iya hawa.

Ba su kai Ɗambatta ba hadari ya haɗo. Ruwa ya sauko da iska. Cikin motar ko ƙararsa ba a ji sosai, amma ta madubi Daudu yana ganin bakin tamfol yana kaɗawa, tayoyin baya suna watso ruwan titi da laka daidai wurin ƙafafun. Angelina ta juya tana kallo ta gilashin baya, ba ta ƙara juyowa ba.

"Tsaya, Malam Daudu."

Ya gangara gefen titi. Ta buɗe ƙofa ta sauka cikin ruwan.

"Mama, ki dawo ciki," in ji Emma. "Ni zan gyara."

"Ina zaune a kan fata, shi yana shan laka? Kama ni in hau."

Daudu ya roƙe ta, ya ce hanya da nisa, ga shekaru, ga sanyi. Ba ta ko dube shi ba. Suka ɗaga ta su biyu. Babu wurin zama sai ɗan tsakanin akwatin da bangon bodi, ta cusa kanta a nan, ta jawo bakin tamfol ta danne da hannu biyu. Emma ya hau ɗaya gefen. Daudu ya tuɓe babbar rigarsa ya naɗe ƙarshen akwatin da ita, ya ɗaure, ya koma ciki da 'yar shara, jiƙe sharkaf.

Daga nan bai ƙara gudu ba. Motar da dillali ya ce babu mai kamo ta a titi, ga ta tana rarrafe, masu babur suna wuce ta. Ya kashe na'urar sanyi, ya sauke gilashi, feshin ruwa yana shigo masa. Kujeru huɗu babu kowa a kansu. Ya ratsa Kano a haka, mutane suna bin su da kallo, wasu suna ɗaga hannu suna addu'a. Ya so ya tuna magana ta ƙarshe da suka yi da Bato, ta baki da baki, ba ta oda da ɗaga hannu ba. Ya yi ta lalube a ransa har suka fita gari, bai samo ta ba.

Ruwa ya ɗauke bayan azahar. Da suka bar kwalta, hanyar ƙauyen ta zama jar laka, ga wani rafi ya cika ya haye gada. Motar haya da ta riske su ta tsaya nan, mutanenta suka sauka suna naɗe wando. Daudu ya sa giyar da take jan tayoyi huɗu, ya shiga ruwan a hankali. Ta ratsa ba ta ko girgiza ba, ta haye tudun da ke gaba. Da tsohuwar motar ce, da a nan za ta kwana. Ya san haka, kuma bai ji daɗin komai ba.

Gari duk ya fito. Aka sauke Angelina, ƙafafunta sun sandare, sai ɗaukarta aka yi. Aka kwance igiyoyi, wani ya miƙa wa Daudu rigarsa, ta rine da laka. Samari suka kewaye motar suna leƙen ciki, suna shafa ƙofa. Yayan Bato, tsoho mai sanda, dogo kamar ƙaninsa, ya kama hannun Daudu da hannu biyu.

"Mun gode, Malam. Ka mutunta mu. Ba a taɓa kawo wani gida a mota irin wannan ba. Kowa ya ga ƙanena ya zauna da mutanen kirki."

Daudu ya ce Allah Ya ba da haƙuri.

Ya tsaya nesa a gindin mangwaro har aka gama binnewa, yana jin waƙoƙinsu da harshen da bai sani ba. Aka ba shi ɗaki ya kwana. Da safe ya je sallama, Angelina tana kwance zazzaɓi ya rufe ta. Ta ce ba za ta koma Kazaure ba, Emma zai je ya kwaso kaya ya mayar wa mai shago mabuɗinsa.

"Ya yi ta tambayarka," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ba da fushi ba. In ya ji odar mota daga gado sai ya ce, ga Direba can."

Daudu ya dawo shi kaɗai. Ya ci gaba da kai injiniyoyi har kaka, ba ya magana sai an tambaye shi. Da aka gama girbi ya kira Musaddiƙ ya ce ya nemi wani direba, idanunsa sun fara ba shi wahala. Musaddiƙ ya ce a je Kano a ga likita. Ya ce to, sai an kwana biyu. Aka zo aka tafi da motar wata Laraba, shi kuma ya koma zama a ƙofar gida a Roni.