Taku Bakwai Zuwa Benci

"Bakwai! Takwas! Malam, ɗaga ƙafa mana!"

Salamatu mai kifi ce ke ƙirgawa, ta jingina da katangar da ta raba gidanta da nasu. Tana cewa goma, kyamara ta yi ƙyas. Malam Haliru mai hoto bai kai benci ba, saura taku biyu. Suka leƙa ɗan gilashin bayan kyamarar: ga matarsa Rabi zaune tsaf cikin atamfar Sallah, ga ƙeyar Malam da rabin kafaɗarsa.

"Ƙeyar ta yi kyau," in ji Salamatu. "A aika wa Munawwara haka nan, ai ta san ta."

"Ke dai ƙirgarki sauri gare ta," ya ce yana haki.

Shekara arba'in yana ɗaukar mutanen Bagudo, tun daga masunta har fatake masu ƙetara iyaka, amma babu hoto ko ɗaya da ya haɗa shi da Rabi. Wanzami ba ya son jarfa. Da fim ya daina samuwa, sai ya rataye tsohuwar kyamararsa, ya zauna jugum kamar wanda aka yi wa sata. Autarsu Munawwara, wadda ke aure a Segbana cikin ƙasar Benin, ita ta sa mijinta ya sayo masa ta zamani daga Kwatano, irin ta masu koyo, baƙa, mai ido da ake cirewa a sauya. Duk rubutun cikinta Faransanci ne. Abu ɗaya ta roƙa: hoton Baba da Inna zaune tare, ta kafa a bango yaranta su riƙa gani.

Da lalube ya gano maɓallin da ke jiran ƙirga goma kafin ya ɗauka. To, daga ƙafar kyamara zuwa benci taku bakwai ne, gwiwoyin Malam kuwa sun daɗe da yi masa tawaye.

"Don Allah kawo in latsa maka," in ji Salamatu. "Yatsa ɗaya ne fa!"

"Hannun da ke warin kifi? Hoton Haliru, Haliru ka ɗauka tai."

Kai, taurin kan tsohon nan! Kullum bayan la'asar, lokacin da haske ya kwanta yadda yake so, sai a sake. An samu Malam ta gefe, an samu Malam da sanda a sama, an samu ranar da akuya ta riga shi zuwa. Ba ya share ko ɗaya, wai ba a goge fuskar mai rai. Salamatu tana dariya, amma ita ke ƙirgawa, ta fi kowa sani: makon jiya saura taku biyu, wannan makon saura uku. Abin ya tsaya mata a rai.

Ita ta ba Rabi shawara. Kowace safiya, in ya tafi masallaci, sai su jawo bencin gaba kaɗan. Ran nan ya sa ido a kyamara, ya daɗe bai ɗago ba.

"Rabi, bencin ga ƙafa gare shi?"

"Awo, Malam. Huɗu ma."

Salamatu ta jira faɗa. Mutumin da ke mayar da ango baya saboda hula ta karkace! Amma bai ce a mayar ba, murɗa idon kyamarar kawai ya yi. Nan ta san jikin ya yi nisa.

Ranar Alhamis taku huɗu ya rage tsakaninsa da benci. Ya yi bisimilla, ya latsa. Salamatu ta fara ƙirgawa a hankali, sai ka ce kyamarar za ta ji tausayinta. A taku na biyu sandar ta goce. Rabi, wadda aka yi mako uku ana hana ta motsi, ta zabura ta tare shi, ta riƙe damtsensa da hannu biyu. Ya dube ta, dariya ta kama su duka. Ƙyas.

Ya duba, ya girgiza kai. "Kallabinki ya zame. Kuma ba zaune muke ba. Gobe mu sake."

Goben ba ta yiwu ba, don bai iya tashi ba. Ranar Asabar da hantsi Allah ya karɓi abinsa, kafin azahar an kai shi.

Munawwara ta iso da yamma a bayan babur, ƙafafunta duk laka. Bayan an natsa, Salamatu ta goge hannunta da zane har sau biyu, sannan ta ɗauko kyamarar, karo na farko da ta taɓa ta. Suka yi ta wuce ƙeya da sanda da akuya, Munawwara na dariya tana share hawaye, har suka zo kan na ƙarshe.

"Ya ce bai yi ba," in ji Rabi.

"Shi nake so, Inna."

Salamatu ta fito tsakar gida. Bencin na nan inda suka bar shi, ba wanda ya ɗauke. A bayansa ga sawun jan ƙafafun bencin a ƙasa, layi biyu, tun daga gindin katanga.